Dutsen Kabarin Illa

A Hatta, can cikin duwatsun bayan Dubai, Safiatou ta zaɓi dutsen, ranar da ɗanta Nafiou ya ɗauko motar haya ya kai su shan iska. Mutane na can bakin madatsar ruwa suna ta ɗaukar hoto, wasu suna tuƙa ƙananan kwale-kwale masu launin robar wanka, ita kuwa tana gefen hanya a duƙe, tana juya duwatsu da ƙafa kamar mai tsintar itace. Wannan ya cika laushi. Wancan in rana ta buge shi zai tsage. Can ta ga wani ja mai duhu, mai faɗin gindi, girman ƙwaryar fura, irin wanda in an kafa shi iska ta yi kaɗan ta kayar.

"Kai, zo ka ɗauko mini wannan."

Kai take ce masa. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, ko a cikin fushi, ko ranar da ya faɗa a kwata yana rarrafe.

Matarsa Khairunnisa, Bakanuwa mai aikin jinya, ta tuntsire da dariya. "Inna, dutse kuma? Duk zinaren Dubai ba ki ga na ɗauka ba sai dutse?"

"Riƙe zinarenki, 'yar Kano. Wannan na mai gidana ne."

Nafiou ya tsaya yana kallon dutsen, bai duƙa ba. Ya ce, "Inna, yana da nauyi fa. A jirgi auna kaya ake yi."

"In sun auna su rage zannuwana. Yalla, kamar yadda masu garin ke cewa."

Ya duƙa ya rungumo shi, ya kai bayan mota, ya naɗe shi da tabarmar da suka zauna a kai don kada ya yi ta gungura. Har suka sauko daga duwatsun suka shigo cikin gari bai ce uffan ba. Safiatou ta ga haka ta ji sanyi a ranta, ta ce yaron nan ubansa ya tuna.

To, bari a faɗi abin da ya sa tsohuwa mai ciwon ƙirji take tsintar dutse a ƙasar mutane.

Mijinta Illa a ƙarƙashin ƙasa ya ƙare ƙuruciyarsa, a wani garin haƙar yuraniyom can arewacin Nijar. Ita ke wanke masa kayan aiki. Ruwan wankin yakan fito rawaya kamar an jiƙa rini, ta watsar a ƙofar gida inda yara ke wasa, don ba wanda ya taɓa ce mata kada. Kamfanin kuma mai kyauta ne, wallahi mai kyauta. In bututu ya tsufa a cikin injin da ke tace ƙasar, ko faranti ya yi tsatsa, sai a ce ma'aikata su zo su kwasa. Da ƙarfen nan aka yi ƙofofi, da shi maƙera suka ƙera tukwane da gadaje. Kuma da yake hamada ce, ba itace, dutsen wurin kuma marmara ne da ke rugujewa a hannu, sai mutane suka koma yi wa kabari alama da guntun bututu. Makabartar tana unguwar Bayan Waya, a gindin tsaunin ƙasar da kamfanin ya tace ya zubar. In iska ta taso daga tsaunin, matattu ke fara sha kafin masu rai.

Illa ya fara tari. Likitan kamfanin ya sa abin sauraro a ƙirjinsa ya ce taba ce. Taba! Mutumin da ko goro sai da sallah. Ya yi ta tari har ya zama kara, ya mutu, ba a ba su ko sabulun wankan gawa ba. Mace ba ta bin gawa, saboda haka Safiatou tana tsakar gida aka fita da shi. Nafiou, lokacin gemu bai gama fito masa ba, shi ya buga bututun a kan ubansa. Da ta fita takaba ya kai ta gindin tankin ruwa mai dogayen ƙafafu, inda waya ta raba unguwa da makabarta, ya miƙa hannu ya ce, "Ga shi can." Ta duba. Bututu ne birjik kamar kututturen dawa bayan girbi, duk iri ɗaya. Ba ta gane wanne ba ne, amma ta ce to. Tunda yaron ya sani, ai ta sani.

Daga baya ma'adinin ya ƙare. Turawan suka naɗe kayansu, aka karɓe gidan don dama na kamfani ne. Waɗanda suka ɗauki gawar Illa, wasu suka bi shi da irin tarinsa, wasu suka watse cikin duniya. Nafiou ya samu aiki a wani babban sito a unguwar Investments Park ta Dubai, yana tuƙa injin ɗaga kaya. Da ƙirjinta ita ma ya fara kuka, ya yi mata biza ya kawo ta unguwar Hor Al Anz, ɗaki biyu a cikin fulat ɗin da suke raba kicin da wasu 'yan Ghana. Daga duk zaman da ta yi a garin can, ba gida, ba diyya, ba ko hoto mai kyau. Kabarin nan kaɗai ya rage.

Sai labari ya zo cewa gwamnati ta tashi share gubar. Hadijatu, tsohuwar maƙwabciyarta, ta aiko saƙon murya a waya. Ta ce wasu mutane ne cikin farin kaya tun daga kai har ƙafa, kamar gawa ta miƙe da likkafaninta, suna bi gida-gida da wata na'ura mai kuka. In an kai ta jikin abu ta yi tsit, naka ne. In ta yi ƙara, sai su jefa a mota. Sun cire mata ƙofa, sun tafi da tukunyar da ta yi wa 'ya'yanta tuwo tun suna goye. "Kuma, ƙawa, an ce har bututun makabarta za a tuge. An ce kowa ya zo ya nuna nasa, a sa dutse a madadin."

Safiatou ta miƙa wa ɗanta wayar. Ya saurara, ya ce, "Na san da maganar, Inna. Makabarta ce ƙarshe, da sauran lokaci. Tare za mu je."

Shi ya sa ta nemi dutse a Hatta. Dutsen garin can ba ta yarda da shi ba, komai na can kuka yake yi. Tana so ta ɗora wa Illa abu ɗaya tak da ba na kamfani ba.

Dutsen ya zauna ƙarƙashin gadonta. Ta wanke shi da soso, takan jawo shi ta share ƙura. Khairunnisa ta yi tuntuɓe da shi wata rana tana shara, ta riƙe yatsa tana cewa, "Inna, surukina ko ban gan shi ba ya hore ni." Suka yi dariya har tari ya sarƙe tsohuwa. In ta tambayi Nafiou, "An kai makabarta?" sai ya ce, "Tukuna." In ta ce, "Yana nan?" sai ya ce, "Yana nan, Inna." Azumi ya zo ya wuce, babbar sallah ta wuce.

Wata Juma'a matar wani ɗan kasuwa ɗan Maraɗi ta gaya mata a bakin lif cewa wakilan hukumar share gubar sun zo Dubai sayen injuna, kuma gobe da la'asar za su gana da 'yan Nijar mazauna nan a wani otal a unguwar Deira. Har da wakilin tsofaffin ma'aikata, wani Arzika.

Arzika! Abokin Illa, tare suke sauka rami. Lokacin rasuwar yana kwance a asibiti a Yamai, bai samu jana'iza ba, amma da ya dawo ya zauna a ƙofar gidansu ya yi kuka kamar mace.

Ta gaya wa Nafiou za ta je. Ya ce taron maza ne. Ya ce da Faransanci za a yi. Ya ce sanyin na'urar otal zai tayar mata da ƙirji, shi zai je ya jiyo mata. Ta ce to. Da ya fita, ta jawo dutsen, ta zura shi a buhun shinkafa, ta ce wa Khairunnisa, "Yafa mayafinki. Za ni in tambayi ranar da za su taɓa makabarta, in ce su jira ni. Kuma akwai maganar taba da nake so su maimaita a gabana."

A bakin zauren taron ta hango su. Nafiou ya riƙe hannun wani tsoho siriri, ya sunkuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tsohon yana girgiza kai. Da Nafiou ya ɗago ya ga uwarsa, ya ga buhun a hannun matarsa, sai ya saki hannun.

"Malam Arzika, kai ne ka koma haka? Ina sauran naka?"

"Maman Nafiou! Sauran yana cikin rami, ban samu hawowa da shi ba. Ke ma ai ba a ce kin yi ƙiba ba, duk da shinkafar Larabawa."

"Shinkafarsu ba ta kama ciki. Ya iyali? Ya Hadijatu?"

"Lafiya lau, suna gaishe ki." Ya faɗa yana kallon kafet.

Aka shiga aka zauna. Shugaban wakilan, Darakta Sabo, mutum ne mai ƙoshin lafiya da tattausar murya. Ya yi Faransanci har ya ƙoshi, sannan ya juyo Hausa saboda dattawa. Ya ce aiki ne da ba a taɓa yin irinsa ba. Ya ce an rufe tsaunin gubar da yumɓu da tsakuwa, an kwashe ƙarfe daga gidaje, jikoki za su sha iska mai kyau. Aka kashe fitila, aka haska hoto a bango. Ga tsaunin yadda yake da. Ga manyan motoci. Ga yadda yake yanzu.

Safiatou ba ta iya karanta rubutun da ke ƙasan hoton ba, amma ta san tankin nan mai dogayen ƙafafu. A gindinsa take tsayawa in ta ɗebo ruwa, ta juya wajen bututun ta ce Allah ya jiƙan ka. Tankin yana nan. Wayar babu. Bayansa kuma fili ne ja, sumul kamar an share filin idi, sai 'yan duwatsu farare can gefe guda, a jere.

Mutane suka tafa. Ita ta miƙe tsaye.

"Ku mayar da wancan. A'a, na baya. Mai tanki."

Darakta Sabo ya yi murmushi. "Hajiya, tambayoyi sai an gama."

"Ban je Makka ba, kada ka ɗora mini abin da ban yi ba. Ina makabartar Bayan Waya?"

"Ita ce wannan, Inna. An kiyaye ta. Ƙasar sama ta gurɓata ƙwarai, dole aka shimfiɗa yumɓu a kai. Amma ina tabbatar miki ko ƙashi ɗaya ba a taɓa ba."

"Bututun fa?"

"An kwashe, an binne a rami mai siminti, an kewaye shi, an sa masa alama yadda ko bayan shekaru masu yawa za a san wurin."

"To madalla. Ƙarfe kun san inda kuka binne shi. Mutanen fa?"

Wani daga baya ya ce, "Allahu akbar." Darakta ya gyara zama. Ya ce ba a yi komai a ɓoye ba. Ya ce an sanar a rediyo, an kira iyalai, an ba da lokaci. Duk wanda ya zo ya nuna nasa, an auna wurin kafin a shimfiɗa yumɓu, an mayar masa da dutse daidai kan mamacinsa, su ne fararen can. Wanda bai zo ba kuwa, hukuma ba ta san gaibu ba. Ya nuna tsohon da ke ƙarshen tebur. "Ga Malam Arzika nan, shi muka ɗora wa kiran iyalan ma'aikata."

Ta juya. "Malam Arzika, mu ba iyali ba ne? Don muna nesa aka manta da mu?"

Tsohon ya yi tari, ya goge baki da hannun riga. Ya dubi Nafiou, ya dubi ƙasa. "Yanzu a bakin ƙofa aka roƙe ni in yi shiru. Amma ni da ƙafa ɗaya a kabari ba zan yi wa matar Illa ƙarya ba. Na kira, Maman Nafiou. Na kira har na gaji. Ya ce zai zo da kansa, kada a ɗaga miki hankali. Da lokaci ya matso na ce ya kwatanta mini in je in tsaya. Ya ce kusa da waya. Kusa da waya kuwa, duk abokanmu a can suke. Na yi ta zagayawa ina duba bututu kamar zai yi magana."

"Yaushe aka shimfiɗa ƙasar?"

"Tun kafin azumin bara."

Kafin azumin bara. Ba ta buƙatar wanda zai yi mata lissafi. Sai bayan sallar wancan azumin suka je Hatta.

Nafiou ya taso ya durƙusa a gabanta, a gaban mutane. "Inna, ki ji ni. Na nemi hutu suka hana. Suka ce in na tafi kada in dawo, akwai masu jiran injin. In aikin ya tafi, biza ta tafi, katin asibitinki ya tafi. Lokacin ne aka fara sa miki iskar nan ta asibiti, kin tuna, ko numfashi ba kya iyawa. Da na je na tsaya, ƙafata za ta gane wurin, na sani. Amma Baba ya riga ya tafi, ke kina nan. Me zan yi?"

Khairunnisa ta rufe baki da mayafi. Ashe ita ma ba ta sani ba.

Safiatou ta kewaye shi. Ta karɓi buhun daga hannun surukarta, ta ja shi a ƙasa har gaban tebur, ta ɗaga da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta zazzage. Dutsen ya faɗo tim, robobin ruwa suka kife, wani ya ja kujera baya.

"Kai Darakta, ba kai ka haƙa ramin ba, na sani, lokacin kana makaranta. Amma kai ka zo ana tafa maka, to kai za ka ji. Kun tura shi cikin ƙasa ya shaƙi abin da ya shaƙa. Ya dawo yana tari kuka ce taba. Kuka ba mu guba kyauta, muka yi godiya, muka dafa tuwo a ciki. Da ya mutu ba mu da abin da za mu kafa masa sai gubar taku. Yanzu ita ma kun zo kun karɓe. Na'urarku mai kuka, kun kai ta jikin ƙofa, kun kai ta jikin tukunya. Kun kai ta ƙirjin Arzika? Ga nawa nan, kawo ta."

"Inna, maganar diyya tana gaban kwamiti. Kuma akwai shirin gina babban allon siminti a bakin makabartar, da sunan kowane ma'aikaci. Sunan mijinki zai hau, ni na yi alkawari."

"Ni ban iya karatu ba. Shi ma bai iya ba. Wa kuke rubuta wa?"

Arzika ya ce a hankali, "Ba ni dutsen, Maman Nafiou. In na koma in kafa shi a gindin tanki, inda kike tsayawa. Allah ai ya san inda bawansa yake."

"Allah ya sani, ni ce ban sani ba. In kafa dutse inda ba kowa, jikokina su zo su yi wa yashi addu'a? A'a, Malam Arzika. Ƙaryar da na sha ta ishe ni, ba zan dasa wata ba."

Sannan ta juya ga wanda ke durƙushe.

"Nafiou."

Baƙin ma'aikatan otal da ke tsaye da tiren shayi ba su ji komai ba sai suna, amma duk ɗan gida da ke wurin ya sunkuyar da kai. Nafiou ya ɗago kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Da ka zo ka gaya mini, wataƙila in ce ka zauna. Wataƙila in ce ka tafi, in na mutu na mutu. Ban san me zan ce ba. Amma mijina ne, ƙirjina ne, ni ya kamata a tambaya. Wannan duk zan iya haɗiyewa." Ta nuna dutsen. "Sai dai ka tsaya kana kallona ina juya duwatsu a rana. Ka duƙa ka ɗauka. Ka naɗe shi da tabarma don kada ya guntule. Kullum ka wuce ka gan ni ina share shi, in tambaye ka, ka ce yana nan."

"Inna, ki yafe mini."

"Ɗauki kayanka. Kai ka ɗauko shi, kai ka san inda za ka aje."

Ta gyara lulluɓinta ta fita, Khairunnisa na biye da ita tana share ido. A waje zafi ya rufe su kamar an buɗe murfin tukunya. Masu tura kaya suna ta ihun a ba su hanya, 'yan kasuwa na ɗaure kwalaye a bakin shagunan kargo, kowane kwali an rubuta masa garin da za shi. Surukarta ta ɗaga hannu za ta tsayar da tasi, tsohuwa ta ce a bari, za ta taka.

Tana tafe tana tsayawa tana maida numfashi. A bayanta tana jin takunsa, mai nauyi, ba ya matsowa, ba ya tsayawa. Ya manta buhun a zaure, ya rungumo dutsen a ƙirji haka nan, mutane na kauce masa suna kallo. A bakin titi, suna jiran fitila ta ba masu ƙafa hannu, ya ce, "Inna, ina zan kai shi?"

Ba ta waiwaya ba. "Ban sani ba, Nafiou," ta ce. Fitila ta canza, ta tsallaka.